Kalmar « daunger » a Ingilishin tsakiyar zamani: daga ikon ubangida zuwa haɗari

0. Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatunsa da Faransanci, in ya buɗe wani rubutu na Ingilishin ƙarni na 14 ya ci karo da kalmar « daunger », da wuya ya tsaya a kanta. Zai ga « danger » ɗin da ya sani tun yana ƙaramin aji, ya ce haɗari ake nufi, ya wuce gaba. Alhali kuwa a wurare da yawa na rubuce-rubucen wancan zamani kalmar ba ta nufin haɗari ko kusa. Wani wuri iko take nufi, wani wuri girman kai, wani wuri kuma rowa ko jan aji. Baƙuwar kalma ba ta cika ɓad da mai fassara ba, don zai tashi ya ɗauko ƙamus. Wadda yake zaton ya sani ita ce ke kai shi ta baro.

Manufarmu a wannan ɗan rubutu ita ce mu bi sawun kalmar tun daga Latin, ta cikin tsohon Faransanci, har zuwa Ingila, mu kuma nuna cewa ma'anonin nan da ake gani kamar ba su haɗa dangi ba duk rassa ne na ma'ana guda, wato ikon ubangida. Abin da ya raba su shi ne wurin da mai magana yake tsaye: ko a gefen mai ikon, ko a gefen wanda ikon ya hau kansa.

In mun ce Ingilishin tsakiyar zamani muna nufin harshen da aka yi magana da rubutu da shi a Ingila daga wajen shekarar 1100 zuwa wajen 1500. Alamar tauraro a gaban kalma, kamar yadda aka saba, tana nuna sigar da ba a samu a rubuce ba, masana ne suka sake gina ta ta hanyar kwatanci.

1. Asalin kalmar

A Latin « domus » shi ne gida, « dominus » kuma maigida ko ubangida, « dominium » mallakarsa da ikonsa. Daga wannan na ƙarshe ne Latin ɗin bakin talakawan ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, ya ƙera *dominiarium, da ɗafa-ƙeyar -arium. Wasalin i na tsakiya ya faɗi, kamar yadda ya faɗi a « dominus » kansa wanda ake samu a rubuce da sigar « domnus » a ƙarshen zamanin Rumawa, aka sami *domniarium.

Sauye-sauyen furucin da suka biyo baya ba su da wani abin mamaki ga wanda ya san tarihin Faransanci. Rukunin baƙaƙen mn in wasalin i mai zamewa zuwa y ya biyo shi, ganɗantawa takan mai da shi nj:

(1) somnium > songe : mafarki
calumniare > chalongier : tuhuma, ƙalubalanta
*domniarium > dongier

Ita kuwa -arium takan zama -ier, kamar a granarium > grenier, rumbu. Daga baya i ɗin ya ɓace bayan baƙin ganɗa, shi ya sa « bergier » ya koma « berger », « legier » ya koma « léger », « dangier » kuma ya koma « danger ».

Saura wasalin farko. Tsohon Faransanci yana da « dongier » yana kuma da « dangier », ta biyun ce ta yi rinjaye. Wannan a ɗin ne ya sa wasu masana na ƙarni na 19 suka danganta kalmar da « damnum », wato asara ko ɓarna, tushen da ya ba da « dam » da « dommage ». A kallon farko ra'ayin yana da daɗin ji, tunda asara da haɗari maƙwabta ne. Sai dai abu biyu sun kayar da shi. Na farko, mafi tsufan ma'anar kalmar a rubutun Faransanci na ƙarni na 12 iko ne da mulki, kuma ba a ga hanyar da za a bi daga asara a isa ga iko ba, alhali hanyar da ta tashi daga iko zuwa haɗari a buɗe take, kamar yadda za mu gani. Na biyu, sauyin o zuwa a a gaban ɗan hanci ya auku a sauran ƴan gidan ba tare da taimakon « damnum » ba:

(2) domina > dame : uwargida
dominus > dam, dan : laƙabin girmamawa
domitare > donter, danter : horar da dabba, tanƙwara

Laƙabin nan yana nan har yau a sunayen garuruwan Faransa: Dammartin da Dampierre a gefe guda, Domrémy a ɗaya gefen, duka « dominus » ne aka ɗora a gaban sunan waliyyi. Ke nan ba a buƙatar « damnum » don a bayyana wasalin. Iyakar abin da za mu yarda da shi shi ne kamannin sautin ya iya taimaka wa ma'anar haɗari ta zauna da gindinta bayan ta riga ta ɓullo. A yau ƙamusoshin asalin kalmomi na Faransanci da na Ingilishi duk sun tsaya a kan *dominiarium.

Yana da kyau a lura cewa wannan ƙira ta ƙasar Gol ce. Italiyanci yana cewa « pericolo », Sifaniyanci « peligro », Fotugisanci « perigo », duka daga « periculum » na Latin. Faransanci ma ya gaji wannan kalma da sigar « péril », kuma ita ce kalmarsa ta haɗari tun farko.

2. Ƙetarawa zuwa Ingila

A shekarar 1066 Giyom, sarkin Normandi, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan har kusan ƙarni uku Faransanci ne harshen fada da na kotu da na manyan masu ƙasa, talakawa kuwa suka ci gaba da Ingilishinsu. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Cikin wannan tsawon zama tare ne dubban kalmomin Faransanci suka shiga Ingilishi, musamman na mulki da shari'a da yaƙi da addini.

Faransancin Ingila yana da wata alama tasa: inda na Faris yake rubuta an, shi yakan rubuta aun. Shi ya sa ake samun « chaunge », « straunge », « chaumbre », « daunce », da kuma « daunger » ɗinmu. A wasu kalmomi rubutun ya tsaya haka har yau, misali « haunt » da « launch » da « daunt », wadda ita ce « danter » ta misali na (2). A gaban nj da mb kuwa tagwan wasalin au ya koma dogon a, sa'an nan babban sauyin wasulan Ingilishi da ya fara a ƙarni na 15 ya ɗaga shi har ya zama ei. Dalilin ke nan da ya sa Bafaranshe da Ba'ingile suke rubuta kalmar iri ɗaya a yau amma furucinsu ya yi hannun riga.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: me Ingilishi ya aro kalmar ya yi da ita? Ba don ya faɗi haɗari ba ne, don ba ya rasa abin faɗar haka. Tsohon Ingilishi yana da « pleoh » da « pliht », yana da « fær », haɗarin da ke faɗowa ba zato, wadda ta zama « fear », tsoro, kuma ƴar'uwa ce ga « Gefahr » ta Jamusanci. Ga kuma « peril » da ta shigo daga Faransanci a farkon ƙarni na 13. Gurbin haɗari a cike yake. « Daunger » ta shigo ne a matsayin kalmar dangantaka tsakanin babba da ƙarami.

3. Ma'anar tushe: iko

Shari'ar gargajiya ta Faransa ta ajiye mana ma'anar tushe a fili, tun bayan da harshen yau da kullum ya manta ta. A Normandi akwai haƙƙin da ake kira « tiers et danger », wanda sarki ke karɓa in aka sayar da itacen wasu dazuzzuka: kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, da kuma kashi ɗaya cikin goma, na biyun ne ake kira « danger ». In an sayar da itace a kan 30, sarki zai ɗauki 10 da 3, wato 13. Babu wani haɗari a cikin wannan lissafi. « Danger » a nan haƙƙin ubangida ne a kan dajin. A Burgoñ da wasu yankuna na gabas kuma akwai « fief de danger », ƙasar da bara ba ya da damar shiga cikinta kafin ya yi wa ubangidansa mubaya'a, in ya shiga kuwa a ƙwace ta. Wannan misali na biyu ya cancanci a riƙe shi, don a cikinsa ana ganin ikon da kuma hukuncin da ke rataye a kan wanda ya taka shi, duka cikin kalma ɗaya.

A Ingilishi ma'anar ta fi fitowa a yankin jimlar da ke nufin kasancewa cikin « daunger » ɗin wani. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya fara rubuta The Canterbury Tales a wajen 1387, kuma a gabatarwar littafin ya siffanta matafiyansa ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu akwai mai kai sammaci na kotun coci, mutum mashayi mai cin hanci. A baiti na 663 an ce yana riƙe da matasan gundumar cikin « daunger », yadda ya ga dama, ya san asirinsu, kuma shi ne mai ba su shawara. Wanda ya fassara wannan da cewa yana jefa su cikin haɗari ya ɓata wurin. Abin da ake nufi shi ne suna hannunsa: ya san abin da suka yi a ɓoye, yana iya kai su kotu in ya so, don haka yana juya su. (Kalmar da aka yi amfani da ita ga matasan, « girles », ita ma wani tarko ce, don a lokacin tana nufin samari da ƴan mata baki ɗaya.)

Haka kuma a wasiƙun ƙarni na 15, irin na iyalin Paston na yankin Norfolk, ana gwama kalmar da bashi. Wanda ake bi bashi yana cikin « daunger » ɗin mai binsa, tunda shari'ar lokacin ta ba mai bin bashi damar kama shi ya sa a ɗaure shi. Karin maganar Ingilishi da ke cewa wanda ya fita daga bashi ya fita daga « danger » ta samo asali ne daga wannan ma'ana, ko da yake masu faɗarta a yau haɗari suke ji a ciki.

4. Reshe na farko: iko ta fuskar mai shi

Wanda ke da iko a kan abu yana iya bayarwa, yana iya hanawa, yana iya jan rai kafin ya bayar. Daga nan ne jerin ma'anoni ya fito wanda ya ɓace gaba ɗaya a Faransancin yau da Ingilishin yau: isa, girman kai, wuyar sha'ani, rowa, ƙin yarda. A tsohon Faransanci « faire dangier » shi ne yin gardama ko noƙewa, « a dangier » shi ne bayarwa da ƙyar, kaɗan-kaɗan, « sans dangier » kuwa bayarwa hannu sake. Mai karatun yau zai fahimci na ƙarshen a matsayin rashin haɗari, ya kuma ɓata.

Abin lura shi ne da wannan reshe kalmar ta fara bayyana a rubutun Ingilishi. Ancrene Wisse littafin jagora ne da aka rubuta a yammacin tsakiyar Ingila a wajen 1225 domin wasu mata masu halwa, ƴaƴan gidan girma da suka bar duniya suka kulle kansu a ɗakunan da ke manne da coci. Marubucin yana yaba musu a kan haƙurin da suke yi da « daunger » ɗin mutanen da, in da a duniya ne, bayinsu za su zama. Raini da nuna isa ake nufi. A littafin kuma an yi amfani da sifar « dangerus » ga mace mai ƙorafi wadda ba a iya gamsar da ita.

Chaucer ma haka. A baiti na 517 na gabatarwar da muka ambata, inda yake yabon limamin cocin ƙauye, ya ce ba shi da « daungerous » a maganarsa ga masu zunubi. Ba cewa ake yi maganarsa ba ta cutarwa ba. Cewa ake yi ba ya ɗaga musu kai, ba ya yi musu magana ta sama.

Inda wannan reshe ya fi yaɗuwa shi ne adabin soyayya, kuma dalilin haka littafi ɗaya ne. Roman de la Rose, wanda Guillaume de Lorris ya fara a wajen 1230, Jean de Meun kuma ya ƙarasa bayan shekara kamar 40, yana cikin littattafan da aka fi karantawa a Turai ta wancan zamani. Kwafen hannu kimanin 300 sun iso gare mu. Labarin mafarki ne: saurayi ya shiga lambu, ya ga fure, ya so tsinkarsa. Halayen budurwar da abin da ke kewaye da ita duk an mai da su mutane masu suna. Akwai Bel Acueil, wato kyakkyawar tarba, wanda ya bar saurayin ya matso. Da saurayin ya zarce ya nemi furen, sai Dangier ya yi tsalle ya fito daga maɓoyarsa: ƙato, baƙi, mai gashi buzu-buzu, idanu jajaye, da kulki a hannu, ya kore shi. A wani wuri an same shi yana barci a gindin wata bishiya mai ƙaya, sai da Kunya da Tsoro suka zo suka tashe shi suka tuna masa aikinsa. Abin dariya a nan shi ne kalmar da ta fito daga sunan ubangida an ba ta jikin baƙauye, mai gadi.

Me Dangier yake wakilta? An daɗe ana ɗaukarsa a matsayin miji ko uba mai tsare mace. C. S. Lewis, a littafinsa The Allegory of Love na 1936, ya keɓe wa kalmar wani rataye na musamman, ya kuma kare ra'ayin cewa hali ne na ita budurwar: ƙin da take yi, da korar da take yi wa wanda ya wuce gona da iri. Mu ma a nan muka tsaya dangane da ɓangaren Guillaume de Lorris, saboda tarihin kalmar yana goyon bayansa. A irin wannan waƙa mace ita ce « domina », saurayi bara ne, don haka ikon hanawa nata ne. Amma bai kamata a shimfiɗa wannan a kan kowane mawaƙi ba. Charles d'Orléans, wanda aka kama a yaƙin Azincourt a 1415 ya yi shekara 25 a tsare a Ingila, yana yawan kukan Dangier da ke raba shi da masoyiyarsa, kuma a wajensa abin ya fi kama da shinge daga waje. Mutum ne da yake zaune cikin « daunger » ɗin sarkin Ingila da ma'anar kalmar ta asali.

An fassara Roman de la Rose zuwa Ingilishi a ƙarni na 14, ana kuma danganta ɓangaren farko na fassarar ga Chaucer. Amma wurin da ya fi nuna ƙwarewarsa da kalmar shi ne bakin matar garin Bath, wadda ta yi aure biyar. Ita ta sauko da kalmar daga lambu zuwa kasuwa. Ta ce cikin mazanta na biyar ɗin ta fi so, ko da yake yana dukanta, saboda ya kasance « daungerous » gare ta a wajen soyayya, wato yana ja mata aji. Sa'an nan ta bayyana dabarar mata: da « daunger » suke fito da hajarsu, don cunkoso a kasuwa ke sa kaya tsada, abin da aka samu da araha kuma ba a ganin darajarsa. Ɗalibin da ya ga ambaton duka a wurin zai yi saurin cewa mijin mai haɗari ne. Jimlar ta yarda da haka a ido, amma hujjar da matar take ginawa ta rushe, don duk maganarta a kan abin da aka hana mutum ne yake ƙara ƙwallafa rai a kai.

5. Reshe na biyu: iko ta fuskar wanda ke ƙarƙashinsa

Yanzu mu koma ɗaya gefen. Wanda yake hannun wani, ana iya ƙwace masa gona, ana iya ɗaure shi, ana iya kashe shi. Duk lokacin da aka ce wane yana cikin « daunger » ɗin wane, mai sauraro yakan fahimci abu biyu: wanda aka faɗa, cewa yana ƙarƙashin iko, da wanda ba a faɗa ba, cewa yana iya cutuwa. Sauyin ma'anar bai wuce na biyun ya ture na farkon ba. Irin wannan ne Elizabeth Traugott da Richard Dasher suka yi wa nazari mai zurfi a littafinsu na 2002 kan sauyin ma'ana: abin da ake hasashe daga magana, in ya yawaita, yakan zama ma'anar kalmar.

Ana iya ganin matakan a ginin jimla:

(3) a. cikin « daunger » ɗin wani mutum : a hannunsa
b. cikin « daunger » na wani hukunci ko asara : abin na iya hawa kansa
c. cikin « daunger », ba tare da ambaton komai ba : cikin haɗari

A mataki na farko mai mallakar ikon mutum ne. A na biyu an cire mutumin an sa abin da zai iya yi a madadinsa: tara, kurkuku, mutuwa. A na uku an cire wannan ma, kalmar ta tsaya ita kaɗai. Da zarar ubangidan ya fita daga jimlar, babu sauran abin da zai tuna wa mai magana cewa kalmar tana da alaƙa da iko, sai ta iya shafar teku da cuta da wuta, abubuwan da ba su da bara.

Mataki na biyu ya bar sawu a fassarar Linjila. A Matta 5:21-22, inda ake maganar wanda ya yi kisa da wanda ya yi fushi da ɗan'uwansa, Girkanci ya yi amfani da « enochos », wadda asalinta ke nufin wanda aka riƙe a cikin abu, wato wanda hukunci ya hau kansa. William Tyndale a 1526 ya fassara ta da ginin (3b), fassarar sarki Jems ta 1611 ta bi shi. Magana ce ta kotu, Faransanci zai ce « passible de ».

Mataki na uku bai jira na biyu ya mutu ba. A Faransanci ma'anar haɗari ta bayyana a ƙarni na 14, haka ma a Ingilishi, kuma tunda masu rubutu a Ingila a lokacin suna jin harsunan biyu, mun fi karkata ga cewa tafiyar tare aka yi ta. Chaucer ya sake ba mu shaida. A baiti na 402 na gabatarwar nan dai, matuƙin jirgin ruwa an ce ya san cikar teku da janyewarta, ya san igiyoyin ruwa, ya san « daungers » da ke kewaye da shi. Nan kam haɗurra ne, ga kuma jam'i, abin da ma'anar iko ba ta cika ɗauka ba. Ke nan a cikin waƙa ɗaya, tsakanin baiti na 402 da na 663, marubuci ɗaya ya yi amfani da ma'anoni uku: haɗari ga matuƙin jirgi, girman kai ga limami, iko ga mai sammaci. Wannan ya isa gargaɗi ga masu zana tarihin ma'ana kamar jerin sarakuna, wannan ya mutu wannan ya hau.

Arsène Darmesteter, a La vie des mots na 1887, ya bambanta hanya biyu da ma'ana ke yaɗuwa: wadda rassa ke fita daga cibiya ɗaya kowanne ya kama gabansa, da wadda ma'ana ke haifar ma'ana kamar sarƙa har a manta ta farko. Kalmarmu ta bi duka biyun. Rabuwar rassan nan biyu daga iko irin ta farko ce, matakan misali na (3) kuma irin ta biyu. Antoine Meillet kuwa, a maƙalarsa ta 1906 kan yadda kalmomi ke sauya ma'ana, ya nanata cewa kalma takan sauya in ta fita daga bakin wani rukunin jama'a ta shiga na wani. A ganinmu wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa reshe na biyu ya rayu na farko ya bushe. Ma'anar isa da jan aji ta dogara ga fada da waƙoƙinta, ta kuma tafi tare da su. Waɗanda ke hannun wani kuwa sun fi masu hannun yawa a kowane zamani.

6. In za a mai da ita Hausa

Hausa ba ta da kalma ɗaya da za ta ɗauki dukan wannan kaya, amma tana da hanyoyin da suka yi kama da na kowane reshe, kuma hakan na sauƙaƙa bayani a aji fiye da bi ta Faransancin yau. « Isa » ta tashi daga cancanta da iko ta kai ga girman kai: isasshe yana iya zama yabo, nuna isa kuwa zargi ne. Wannan ita ce hanyar reshe na farko. « Hannu » kuma ya bi hanyar na biyu. In aka ce wane yana hannun wane, iko ake nufi, mai hannun yana cikin jimlar. In aka ce wane ya shiga hannu, an cire mai hannun, abin da ya rage shi ne kamu da abin da zai biyo baya, daidai da tafiya daga (3a) zuwa (3c).

Ita kanta kalmar « haɗari » aro ce daga « khaṭar » ta Larabci, da kh ya koma h kamar a « hatimi » da « hidima », ṭ kuma ya koma ɗ ko ts gwargwadon karin harshe, shi ya sa ake jin « haɗari » da « hatsari », kamar « ɗibbu » da « tsibbu ». A Larabci kalmar tana nufin haɗari, tana kuma nufin girman matsayi da nauyin al'amari, sifar « khaṭīr » ma tana ɗaukar duka biyun. Hausa ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya. Ba mu cewa tarihin kalmomin biyu ɗaya ne, amma zaman girma da haɗari a cikin kalma guda ba abin Turai kaɗai ba ne.

Don haka matuƙin jirgin Chaucer ya san haɗurran teku, limamin ba ya nuna isa, mai sammaci yana da matasa a tafin hannunsa, mijin matar Bath yana ja mata aji. Wurin da ya fi wuya ya zo bayan zamanin da muke nazari. A wasan The Merchant of Venice na Shakespeare, wanda aka rubuta a wajen 1597, Antonio ya kasa biyan bashin Shylock a kan lokaci, kuma yarjejeniyar ta ba Shylock damar yankar tsokar jikinsa. A zaman kotu na kashi na 4, Portia ta tambayi Antonio ko yana tsaye cikin « danger » ɗin mutumin. Ginin jimlar na (3a) ne, tambaya ce ta shari'a a kan wanda ake bi bashi, irin ta wasiƙun Paston. Amma ƴan kallon 1597 sun riga sun saba da sabuwar ma'anar, ga kuma Shylock yana wasa wuƙarsa a gabansu. Mai fassara zuwa Faransanci dole ya zaɓi tsakanin « pouvoir » da « danger ». A Hausa muna ganin « kana hannunsa » ta riƙe biyun.